Turamen da Anka Kife a Tsibiri

Tafiyar tawa ta faɗo ne bayan shekarar da anka canza kuɗi har mutane sunka koma musayar gero da manja, bayan kuma sojojin Nijar sun karɓi mulki an rufe iyaka albasa ta riƙa ruɓewa cikin buhuna. Da anka buɗe iyakar anka yi daminar da Gulbi ya cika ya ci gonakin fadama, to da kakar wannan daminar na tashi. Tun da na dawo mata sun hana ni sakat. Gidan suna, "Kulu, ƙaƙa Tsibiri?" Gidan gaisuwa, "Kulu, wai da gaske Tumba ta zama babbar mace?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zaunar da matar ɗana, ita da ta yi boko, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara mini baki.

Ga wanda bai san Tumba ba, taubashiyata ce, ɗiyar kawuna. Kaka ɗaya ta rene mu a nan Sabon Birni. Ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace, don haka tun muna yara take kirana baiwarta, ni kuma in ce da ita mai barcin rana. Na girme ta. Aure ya kai ta Tsibirin Gobir, can kusa da Maraɗi, ta zama 'yar Nijar har da takarda.

Wata rana da hantsi ina ɓarar gyaɗa, rediyon ɗana ya kamo wata tasha ta can. Sai na ji mai magana na cewa ga su tare da uwar tarihin Gobir, Hajiya Tumba. Saura kaɗan ƙwarya ta suɓuce mini. Uwar tarihi! Tumba da in kakarmu ta fara ba da labari ba ta kai tsakiya sai a ji munshari. Ni ce nake zama gun ƙafar tsohuwar ina gurza mata auduga ina haddace kowace kalma.

Ɗana ya yi mini bayani. Wai sojojin can sun jingine babbar dokar ƙasarsu, wadda 'yan boko ke ce wa tsarin mulki, za a rubuta sabuwa. Kuma sun ce wannan karon ba za su yi aro daga Faransa ba, cikin abin da kakanni sunka bari za su ɗiba, shi ya sa ake bin garuruwa ana tambayar tsofaffi. Na ce to ni mi ce, yarinya? Mu ma nan kullum ina ji ana gyaran tamu dokar, a wani otal can birni. Tun ina goyon fari ake gyaranta, ba a taɓa aiko ko mai shara ya tambaye ni ba. Na ce za ni Tsibiri in gano da idona.

Ya ce, "Inna, hanya ba lafiya."

Na ce, "Nan gidan ma lafiya ne?"

Sai ya nemo mini Mamman mai kabu-kabu, mutumin Unguwar Lalle, wanda ya san hanyoyin da 'yan bindiga ba su cika bi ba. Na ɗaure tsarabata, daddawa da kuka da ɗan barkono, munka tashi bayan sallar asuba.

Ni ban iya zaman babur irin na maza ba, a karkace na zauna. Mamman ya ce, "Baba, yashi na gaba, ki buɗe ƙafa ki zauna daidai." Na ce ya kula da abin da ke gabansa. Ba mu yi nisa ba munka shiga wani kwazazzabo, babur ya yi gabas ni na yi yamma, na tsinci kaina cikin gonar wake ƙullin daddawa a ƙarƙashina. Ban ji ciwo ba, amma daddawar ta fashe ta shiga zanena. Duk ƙauyen da munka ratsa karnuka sai sun raka mu.

Dariyar ba ta daɗe ba. Mun wuce garuruwan da na sani da mutane, yanzu ba ko kaza. Rumbuna na tsaye baki buɗe, an kwashe su tas. Mamman ya ce wasu mutanen nan suna ƙetare, tare da 'yan Gatawa da sunka gudu. Haka munka iso iyaka.

Iyakar ma abin a gani ne. Ba katanga, ba ƙofa, igiya ce anka ɗaure tsakanin gungume da itacen aduwa, da 'yar rumfa. Geron wancan gefe da na wannan gefe duk tsawonsu ɗaya. Wani jandarma dogo, irin 'yan sandansu na Nijar, ya taso, ya ƙura wa tsagen fuskata ido, ya kira abokansa da wata Hausa mai karkata.

"Ku zo ku ga Bagobira! Tsohuwa, wace kaza ce ta yi tono a kumatunki?"

Jinina ya hau. Na ce, "Kai ɗan nan, wanda ya yi mini tsagen ga ya fi ubanka daraja. Da ganin wuyanka yunwa ta rene ka."

Mamman ya ja mini gefen zane. Su kuwa sunka fashe da dariya har ɗaya na dukan cinya. Sai Mamman ya raɗa mini cewa Bazabarme ne, kuma a ƙasar nan Zabarmawa su ne abokan wasan Gobirawa. Mu a gida da Yarbawa muke wanga wasa, ban san can wasu ne ba. Jandarman ya duba katin zaɓena a juye, ya ce hoton ya fi mai shi kyau, ya kawo mini ruwan sanyi a moɗa. Na gutsura mishi daddawar da ta tsira na ce ya kai wa uwarsa ta koyi miya. Har ƙasa ya durƙusa ya karɓa. Wannan na yaba musu.

Gaba kaɗan tayar babur ta sace, ba mai faci kusa. Mamman ya tura shi zuwa wani ƙauye, ni kuma wata Bafulatana mai suna Adama ta ja ni rugarsu ta ce a nan za ni kwana. Ta shimfiɗa mini tabarma gindin bukka, ta dama fura da nonon da ban sha irinsa ba tun kafin a fara satar shanu a wajenmu. Na ce mata, "Kun kore mu daga birninmu Alkalawa zamanin jihadi, yau kuma kuna ba mu fura." Ta ce, "Da ba mu kore ku ba, da wa zai saya mana nono a Tsibiri?"

Ba ni da abin biyan kirkinta, daddawa ta ƙare tsakanin gonar wake da iyaka, sauran tsaraba kuma ta Tumba ce. Sai na biya ta da labari, da la'asar tana tsefe kan ɗiyarta. Ga shi yadda kakarmu ta ba ni, ku riƙe shi da kyau don shi ne tushen duk rigimar.

Zamanin da Gobirawa sunka baro Alkalawa sunka kafa Tsibiri, an yi wata shekarar yunwa. Sarki na shirin yaƙi, ya aiki bayinsa su tara hatsin guzuri. Sunka fasa rumbun Dubu, kakar kakarmu, mace mai marayu, sunka kwashe har irin shuka. Dubu ta kai kuka gun Inna. Inna a Gobir sarauta ce ta mace, 'yar gidan sarki, ita ke riƙe da mata kuma maganarta na shiga fada. Inna ta sami sarki, ya ce mata yaƙi ya fi rumbu. Ba ta yi gardama ba. Ta koma ta aika gida gida, kowace mace ta kife turminta. Anka wayi gari Tsibiri shiru, ba daka, ba fura, ba tuwo, har cikin gidan sarki. Mayaƙa sunka zauna da ɗanyen gero a buhu suna kallonsa. Sai da sarki ya fito da ƙafarsa ya sa anka mayar wa Dubu hatsinta, ya kuma yi alkawari gaban jama'a cewa ko yaƙi ya zo bakin ƙofa ba a ƙara taɓa irin shukar talaka. Sannan Inna ta tada nata turmin, sauran mata sunka bi.

Adama ta daina tsifa. Ta ce, "Ashe ku ma naku ne sunka ci ku." Ta ce waɗanda sunka kore mata shanu da harshenta suke magana, har ta gane muryar ɗaya.

Washegari Mamman ya dawo an yi wa babur faci, munka kai bakin kwalta, na sallami Mamman, na shiga mota zuwa Tsibiri. Gidan Tumba ba a tambaya sau biyu. Siminti har tsakar gida, ga kujerun roba an jera don baƙi, ita kuma ta fito da haƙorin Makka yana walƙiya.

"Baiwata ta iso! Ku karɓar mata kaya. A'a, ku bar ta, aikinta ne. Kulu, mi ke wari haka? Da mushe kika zo?"

"Warin gida ne, mai barcin rana. Kin daɗe ba ki ji ba."

Munka rungumi juna munka yi kuka, don mun daɗe rabonmu da juna kuma an yi mutuwa da yawa a tsakani. Wannan daban, abin da ya kawo ni daban.

Zamansu akwai abin mamaki. Da safe wani burodi suke ci dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa sai da ya kusa cire mini haƙorin da ya rage. Makaranta lakwal suke ce mata, malamin boko kuma mushe. Rana na yin tsaka kowa ya rufe shago ya je ya kwanta, har masu ofis. Na ce wa Tumba lallai ta sami ƙasar da ta dace da ita. Dambun zogalensu kam ya fi namu, ba zan ɓoye ba. Kuma mutum na kwana bai kasa kunne yana sauraren ƙarar babura ba. Wannan ma ya tsaya mini a rai.

Amma abin da ya fi ci mini rai baƙi. Tun hantsi suke sallama, maza da mata, masu manyan riguna, su durƙusa su ce Hajiya mai tarihi. Ita kuma ta gyara zama ta nuna ni da haɓa ta ce, "Baiwata ce daga Najeriya." Su gaishe ni gaisuwar wucewa su juya gare ta. Ashe na zo daidai, an sa taron unguwarsu cikin makon, kuma ita mata sunka zaɓa ta yi magana a madadinsu.

Na ce, "Mi za ki faɗa musu?"

"Labarin turame."

"Wa ya ba ki shi?"

"Kakarmu mana."

"Tumba, ki ji tsoron Allah. Ni na ba ki shi ranar bukin ɗiyarki ta fari, muna tsinkar shinkafa. Har kina tambayata wai wace ce Dubu."

Ta yi dariya ta ce abin baiwa ai na uwargijiyarta ne.

An yi taron a farfajiyar wata lakwal, ƙarƙashin rumfa. Wani tsohon malamin boko, Mushe Isufu, shi ke ba da izinin magana. Kusa da shi wata mata, Madam Rabi, ita za ta ɗauki maganar matan yankin ta kai Yamai, babban birninsu, inda za a haɗa dokar. Can gefe soja ɗaya na zaune. Yaro ne mai ladabi, sai da ya bi tsofaffi ɗaya ɗaya ya gaishe mu kafin ya zauna, kuma har anka tashi bai ce uffan ba. Amma na lura duk wanda ya miƙe zai yi magana sai ya saci kallonsa tukuna.

Na zauna ina sauraro, na ga abin da ban taɓa gani ba. Kowa abin da yake so yau shi yake tunowa daga jiya. Wani tsoho mai son a ƙara wa sarakuna ƙarfi ya tuno yadda sarki ke raba gardamar gona. Wani makiyayi ya tuno burtalin shanu da kakanni sunka shata, yana so a sa shi cikin doka. Wani kuma yaƙi kawai ya tuno, wai Gobir ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba. Na ce a raina ai da ka zo ka ga kufan Alkalawa. Su mata abin da suke nema shi ne a yanka musu kujera cikin sabuwar dokar, kujerar da dole mai mulki ya saurare ta, kamar yadda anka yi da Inna. Wani malami ya miƙe ya ce wannan sarauta ta zamanin bori ce, ba abin tonowa ba. Wuri ya ɗau hayaniya. Nan Madam Rabi ta ce a ba Hajiya Tumba abin magana.

Wallahi ta iya. Da ciwo nake faɗa, amma ta iya. Inda nake tsayawa in ja numfashi nan ta tsaya. Yadda nake kife tafin hannu in na zo gun turame haka ta kife nata. Muryata ce ke fita daga bakinta mai haƙorin zinari. Ina cikin haɗiye wannan sai na ji ta ce sojojin Nasara ne sunka fasa rumbun Dubu. Na ce ko kunnena ne. Ta ci gaba, wai Inna ta je gun kwamandan Nasara, wai shi ne yunwa ta fito da shi ya mayar da hatsi. Sarki ko sunansa bai fito ba.

Wuri ya kaure da tafi da guɗa. Malamin nan ma ya gyaɗa kai. Sojan ya tafa. Madam Rabi na ta rubutu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ƙarya ne! Lokacin Dubu ko inuwar Nasara ba a gani ba a ƙasar nan. Bayin sarki ne, sarkinmu na Gobir!"

Mushe Isufu ya cire tabarau ya ce, "Baba, daga wace unguwa?"

"Sabon Birni."

"Ayya. To ki yi haƙuri, wanga taro na 'yan ƙasa ne. Baƙo na saurare, amma ba ya magana."

Na nuna kumatuna na ce ya dubi tsagen ga ya dubi na rabin mutanen da ke zaune, ya gaya mini wace ce baƙuwa. Na ga wasu sun fara gyara zama, Madam Rabi ta ɗaga alƙalami ta tsaya. Da an ba ni numfashi biyu da na juya wurin. Sai Tumba ta karɓe da murmushi.

"Jama'a, ku yi mata uzuri. Taubashiyata ce, baiwata. Tun daga Najeriya ta biyo ni don ta ƙaryata ni."

Dariya ta ɓarke kamar an fasa tulu. Kun dai san al'ada, abin da taubashi ya faɗa a kan taubashi ba a ɗaukarsa magana, wasa ne, ko da zagin uwa ne. Na ce wallahi ba wasa nake ba, sunka ƙara dariya. Na rantse da kabarin kakarmu, wata mata ta ce kai, waɗannan sun iya wasa. Mushe Isufu na share hawaye yana cewa ga irin zumuncin da ya kamata a sa cikin doka. Madam Rabi ta mayar da alƙalami kan takarda. Sojan da kansa ya kawo mini kujera mai hannu ya ce in huta. Duk tsawon raina ban taɓa faɗar gaskiya da ƙarfi haka ba, kuma ba a taɓa yi mini dariya haka ba.

Da munka shiga gida Tumba ta kori jikoki, ta cire gyale, ta zauna kan turmin da ke tsakar gida. Ba ta kira ni baiwa ba.

Ta ce, "Yaya Kulu, kina zaton na manta? Na san bayin sarki ne."

"To don mi?"

"Kin ga wanda ke zaune a gefe. In na ce mata sun hana masu makami tuwo don sun taɓa rumbun talaka, kuma masu makamin namu ne, kina zaton takardar nan za ta wuce Maraɗi? Yanzu kowa Nasara yake jin haushi. Na ba su Nasara, su ba mu kujera."

Na ce, "Kujerar da za ta tsawata wa Nasaran da ya riga ya tafi? Duk amfanin labarin shi ne naka ne ya cuce ka kuma ka tsayar da shi. Kin cire ƙashin kin kai musu fata."

Ta ce, "Ke kina da shi cikakke, wa ya tambaye ki? Ni rabi gare ni, kuma ana rubutawa. Rumbunan da kika wuto a hanya fa, mata nawa kunka kife turmi a kansu?"

Na tashi na shige ɗaki, ni Kulu da ba a taɓa rufe wa baki a Sabon Birni ba. Da safe ina haɗa kaya na jiyo jikokinta a zaure suna wasa, sun kife gwangwanaye, ɗaya ta zama Inna ɗaya ta zama Nasara tana magana ta hanci. Kwana ɗaya tak, har ya shiga bakin yara.

Ta rako ni tasha da buhun zogale da burodin nan nasu. Na karɓa, don ba da abinci nake faɗa ba. Komowa ba wani labari, sai dai na zauna a babur yadda Mamman ya ce.

Daga baya mun ji a rediyo an gama dokar, har an ce Hausa ce harshen ƙasarsu. Ko an yanka wa mata kujerar, ban sani ba, na tambayi masu zuwa Maraɗi kowa da abin da yake faɗa. Abin da na sani shi ne har yanzu ana sako muryar Tumba, kuma ran nan a gidan suna wata yarinya 'yar garin Isa ta ba ni labarin turame da Nasara a ciki, wai a rediyo ta ji. Ni ta ba labarin. Wannan da ake rubutawa kuwa na san cikin akwati zai kwana.

Waɗanda munka ji shi daga bakin kakarmu ba mu da yawa. Kawu ya rasu tun shekarar fari. Yayata Hajo ta rasu, Ladi ta Gatawa ta rasu a gudun hijira. Saura Ali na Kamarawa, shi kuma kunne ya tafi, hankali na bin sa a baya. Sai ni, sai Tumba. In na riga ta tafiya, shi ke nan, Nasara ne sunka fasa rumbun Dubu har abada. Shi ya sa kunka ga tun da na dawo ba na wasa da maganin hawan jini, kuma ko tuwon ya kwana sai na cinye shi. Na girme ta, amma ita ta fi ni ƙiba, kuma na ji tana haki in ta hau dakali.